Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Koya Wa Matasanmu Kasuwanci: Ba A Ƙona Uwar Kuɗi

Zuwa ga malaman da ke koyar da darasin dogaro da kai a jami'o'i da kwalejoji, da masu shirya wa matasa bitar kasuwanci a Kano da kewaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya ƙoƙari, ya kuma fama da jama'a? Allah Ya saka muku da alheri.

Ni tsohon ma'aikacin banki ne. Da na ajiye aiki sai na koma riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, yawancinsu a Kantin Kwari, kaɗan a Singa. Don haka kunnena ya saba da maganar ofis mai sanyi, ya kuma saba da ta bakin rumfa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ɗan ƙanwata ne, da wata kalma da ya ɗebo daga wajen bita ya shigo mana da ita gida.

Yaron nan da ya gama bautar ƙasa bai zauna jiran aikin gwamnati ba. Uwarsa ta kwashi adashi, ta haɗa da kuɗin tumakinta biyu, ta damƙa masa. Ya fara niƙa yaji da garin kunu, yana ƙullawa a leda mai tambari, yana bi kanti-kanti a kan babur. Shekara ɗaya da rabi yana wannan. Duk ƙarshen wata in ya kawo mini littafinsa, sai in ga uwa tana nan daram, ga 'yar riba tana biye da ita a hankali. Ana nan sai ya sami gurbi a wata bita ta kwana biyar. Ba zan ambaci waɗanda suka shirya ta ba, don ba su kaɗai ba ne, kuma ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsu ba. Ya dawo da satifiket da jaka da littafi mai hoton roka a bango. Kafin wata biyu ya kama hayar shaguna biyu, ya karɓi Keke Napep bashi, ya karya farashi har ƙasa da yadda kayan suka tsaya masa, wai don ya kame kasuwa tun kafin wasu su farga. Da na nuna masa ramin da ya buɗe a littafin, sai ya yi irin murmushin nan na yaron da ya san abin da tsoho bai sani ba, ya ce, "Kawu, ai dole a ƙona kuɗi kafin a tashi sama."

Na ce, a ƙona me?

Mu da muka tsaya a kan tokar kasuwar Sabon Gari a 2016, muka ga magidanta suna kuka kamar yara, ba ma haɗa dukiya da wuta a magana ɗaya ko da wasa. Amma ga yaro an koya masa faɗin haka da fara'a. Na duba takardun da aka ba su, ban ga lissafin da ya karkace ba. Abin da ya juya masa kai misalai ne. Malaman Hausa suna kiran abin siffantawa, mu a kasuwa misali muke cewa. Kamfani roka ne. Kuɗin da ke hannunka titin tashin jirgi ne, in ba ka ɗaga ba kafin ya ƙare ka faɗa daji. Abokan sana'a abokan gaba ne, kasuwa fagen daga. Kwana biyar ana zuba masa waɗannan, lissafin ya bi iska, hotunan suka zauna.

Kada ku ce ai magana ce kawai. A 2011 wasu masu bincike biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Paul Thibodeau da Lera Boroditsky, sun ba mutane labarin wani gari da aikata laifi ya yi wa yawa. Alƙaluman iri ɗaya ne ga kowa. Bambancin kawai, wasu an rubuta musu cewa laifi naman daji ne da ke farautar garin, wasu kuma an ce cuta ce da ta kama shi. Waɗanda aka ba naman daji suka fi karkata ga a ƙaro 'yan sanda a cika kurkuku, waɗanda aka ba cuta suka fi neman a binciko tushe a yi gyara. Da aka tambaye su dalili, akasarinsu alƙaluman suka nuna, ba su ma lura kalma ɗaya ce ta ja su ba. To in kalma ɗaya a takarda ta yi wannan, ina ga kwana biyar da majigi da tafi?

Abin da nake so ku riƙa faɗa wa yaran nan shi ne inda waɗannan misalai suka fito, da aljihun da aka ɗinka su dominsa. A Kalifoniya akwai masu zuba jarin kasada. Sukan tattaro kuɗin attajirai da na asusun fansho, su watsa a kamfanoni ashirin ko talatin, suna sane cewa mafi yawa za su mutu. Fatansu ɗaya ya yi girman da zai biya asarar sauran har ya bar riba. Mai irin wannan lissafi ba shi da amfani da kamfanin da ke kawo 'yar riba kowane wata. Shi ya sa yake son roka, don roka ba ta da zango: ko ta kai sama ko ta tarwatse, kuma nan da nan za a sani. Misalin daidai yake da aljihunsa. Ƙanwata kuwa ba ta da kamfanoni talatin. Ɗa ɗaya ta ba, tumaki biyu ta sayar.

Ga kuma bambancin haja. Wanda ya rubuta manhaja, in ya gama rubutawa, sayar wa mutum na miliyan ba ya cin masa kusan komai, don haka yana iya jure asarar farko. Yaji fa? Kowace leda sai an sayi barkono da citta da kanumfari, an biya niƙa, an zuba mai a babur. In kana faɗuwa naira ashirin a leda ɗaya, ka sayar da dubu, ramin ka zurfafa sau dubu. Wannan lissafin 'yar talla ma ta san shi, sai da aka sa wa yaro hoton roka a ka ya mance.

Har da dokin nan mai ƙaho ɗaya a goshi, wanda suke kira yunikon. Wata mai zuba jari, Aileen Lee, ita ta laƙaba sunan a 2013 ga sabon kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya, kuma a lokacin 39 kacal ta ƙirga a duk faɗin Amurka. Da gangan ta zaɓi dabbar tatsuniya, don ta nuna abin ba a cika ganinsa ba. Mu kuma muka ɗauko shi muka mai da shi abin da kowane ɗan bautar ƙasa zai sa a gaba. Daraja a takarda ma ba ita ce kuɗi a hannu ba. WeWork, kamfanin da ke ba da hayar ofisoshi, an yi masa kuɗi dala biliyan 47 a farkon 2019, a Nuwamban 2023 ya je kotu ya ce ya karye. Ban ga wannan a littafin mai hoton roka ba.

Alhali Bahaushe ya daɗe da nasa misalin, kuma kowa a ɗakin bitar ya sha shi tun a nono. Jari dai uwar kuɗi ne. Ku tsaya ku saurari kalmar. Uwa haihuwa take yi, riba 'ya'yanta ne. Ana cin 'ya'ya, ana sayar da su, ana barin wasu su girma su ma su zama iyaye. Amma ba a taɓa uwa. In aka ce wane ya ci uwar kuɗi, an gama magana, ba sai an kawo akawu ba. Kalma biyu sun ɗauke darasin da nake ganin ana kashe zango guda ana koyarwa a jami'a: bambancin jari da riba, da abin da ya halatta ka ɗauka ka kai gida. Wanda ke kallon jarinsa a matsayin uwa, tambayar da zai fara yi kafin ya kama shago na biyu ita ce, ta isa ɗaukar wannan cikin? Wanda ke kallonsa a matsayin man roka kuwa, sauri kawai yake tambaya.

Kuma misalin nan yana hango abin da layin da ke hawa sama a allonku ba ya gani. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. A wannan tsakanin kusan duk littafin da na buɗe cinikinsa ya ninka in da naira za a auna. In kun zana shi a allo, roka ce sak. Akwai wani dattijo da nake yi wa lissafin zakka duk shekara, ko firamare bai yi ba. Da na karanta masa jimillar, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Akawu, bar ni da miliyoyin nan. Dila nawa ke nan?" Muka mayar da kuɗin dila, sai ga shi abin da ke hannunsa ba zai sayi yawan kayan da ya saya bara ba. Ya yi shiru, ya ce uwar ta rame, kumburi ne muke gani. Makiyayi ya san ƙiba, ya san kumburi, ko da daga nesa duk cika ido suke yi. Wannan dattijon ya rage kuɗin cefanen gidansa a shekarar, maƙwabcinsa da ya ga miliyoyi ya sake mota. Yau ɗaya daga cikinsu ne kawai ke da rumfa a layin.

Sai maganar girma. A takardunku girma shi ne rassa, reshe biyu, reshe goma, duka a ƙarƙashin suna ɗaya. A Kwari in ana yabon babban ɗan kasuwa, abin da za ka ji shi ne yara nawa ya yaye. Yaye, kalmar da ake yi wa jariri in an cire shi daga nono. Yaro ya yi shekaru yana buɗe shago, yana sauke kaya, yana koyon gane shadda da hannu ba da ido ba, ran nan ubangidansa ya ware masa jari ya ce je ka. Daga nan ya zama mai rumfar kansa, kuma sau da yawa a wajen ubangidan zai riƙa sarin kaya. Dukiya ta yaɗu, asara in ta zo ba ta cinye kowa lokaci ɗaya. 'Yan'uwanmu Ibo na Sabon Gari suna da irin wannan tsari, sun ma fi mu tsare shi. Kada kuma wani ya ce wannan hanya ta masu ƙaramin buri ce. Alhassan Ɗantata daga fataucin goro ya faro, tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Da harkar gyaɗa ta buɗe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, yaransa da wakilansa ya riƙa ba kuɗi suna shiga ƙauyuka suna saye. An ce a 1929 kuɗin azurfa ya kai ajiya bankin Turawa na Kano a kan raƙuma 20. Ya rasu a 1955, kuma jinin gidan nan ne ya gina matatar mai a Legas mai tace ganga 650,000 a rana. Tafiyar raƙumi ce, amma ku dubi inda ta kai.

Batun yaƙi kuwa ya fi ba ni tsoro. Kakanninmu ayari suke cewa. Madugu uban tafiya, ga jagaba a gaba, ana sauka zango-zango, watanni kafin a kai Salaga. Kowa da hajarsa da ribarsa, amma hanya ɗaya ce, ɗan fashi ɗaya ne, wanda ya ware shi ake tsinta. Har yau haka kasuwa take tafiya. Masu haja iri ɗaya layi ɗaya suke zama. In mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, ka ce ya zauna, ka zaga wajen maƙwabci ka ɗauko, ku raba abin da ya samu. In ka tafi masallaci shi zai sayar maka. Mutum huɗu su haɗa kuɗi su cika kwantena ɗaya daga Chana. Ɗan ƙanwata da ya karya farashi don ya kashe abokan gaba, waɗanda ya fara ɓata wa su ne mutum biyun da suke haɗa kuɗi su sayi buhun barkono tare, suna samun sauƙi. Suka janye. Ya koma saye shi kaɗai da tsada, a daidai lokacin da yake sayarwa da araha.

Kada ku ɗauka na zo ne in ce namu duka zinariya ne. Na fi ku sanin inda yake yoyo, don ni nake share ruwan. Da muka mai da shago gida, mai shago uba, sai aljihun shago da na gida suka zama ɗaya, kuɗin suna da na biki da na asibiti duk daga durowa, ba a rubutawa. Yaro ya yi shekara goma sha biyar ba albashi ba ranar yaye, in ya yi magana a ce ba shi da kunya, wa yake yi wa uba lissafi? Ran da mai gidan ya faɗi, a raba gado, shagon da aka yi shekara arba'in ana ginawa ya watse kafin a yi sadakar arba'in. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa" ta zama waƙar lallashi ga wanda ba ya niyyar biya. In ka ce a rubuta, a ce maka arziki na Allah ne. Na Allah ne, babu ja. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Shi ma ayarin yana da makantarsa: yana koya maka bin sawun na gaba, ba ya koya maka lura in hanyar kanta ta tashi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi ta, mu muna layi muna jiran kaya su dawo yadda suke. A nan kam muna bukatarku, da iliminku na rajistar kamfani da raba hannun jari da ajiye lissafi.

Shi ya sa roƙona ba wai ku watsar da littattafanku ba ne. Ku dai riƙa shiga ta ƙofar da yaro ya sani. Kuna shan wahalar bayyana musu bambancin bashi da hannun jari, alhali kowace tsohuwa a ƙauye ta san ba da kiwo: ga akuya, ki kula da ita, in ta haihu mu raba, in ta mutu ba da sakacinki ba babu mai bin wani. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan irin wannan a dukiya, ƙiradi, kuma a kansa bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suka gina wasu hajojinsu. Ku fara da akuyar, sannan ku kawo sunan Turancin. In kuma za ku kawo roka, ku kawo ta, akwai yara a garin nan masu rubuta manhaja da take yi wa daidai, kuma dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a 2022 dominsu aka yi ta. Sai dai ku faɗa musu kuɗin wa ake ƙonawa, kuma wa ya amince a ƙona. Ƙidayar da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya sun kusa miliyan 40, fiye da tara cikin goma kuwa 'yan ƙanana ne ƙwarai. Su ne ke cika ɗakunan bitarku. Wani masanin Amurka, David Birch, ya kasa kamfanoni uku, giwa da barewa da ɓera, masu irin sana'ar ɗan ƙanwata su ne ɓerayen. Can wataƙila ƙanƙanta kawai ake nufi. A nan kun san abin da ake nufi in an kira mutum ɓera, kun kuma san wanda za a ba rance in jami'i ya zauna da wannan hoton a kansa.

Akwai misali ɗaya naku da nake so, da za ku bi shi har ƙarshe. Kuna kiran cibiyoyinku wuraren ƙyanƙyasa. Sunan ya samo asali ne a garin Batavia na jihar New York a 1959, inda aka yanka wata tsohuwar masana'anta aka ba ƙananan masu sana'a haya, cikinsu har da masu kiwon kaji. To ku tambayi duk matar da ke kiwon kaji a bayan gida. Fasa ƙwai shi ne mai sauƙi. Makonnin da ke biye su ne aikin, a kunna musu fitila, a tsare su daga sanyi, a tashi cikin dare a duba. Ku kuna fasa ƙwai ranar Juma'a, a ɗauki hoto da satifiket, shi ke nan. A cikin waɗanda suka koyar da yaronmu babu wanda ya kira shi bayan wata uku ya ce kawo littafinka mu gani. Da an yi, da tumakin ƙanwata ba su tafi a banza ba. Ku rage kwanakin otal, ku sa kuɗin a wannan bibiyar. Ku kuma riƙa gayyato mutum ɗaya daga Kwari ko Dawanau ko Kurmi ya zauna a gaban aji, ba don a ba shi lambar yabo ba, don yara su yi masa tambaya. Ku nemo har da wanda ya taɓa karyewa. Mu karaya muke ce wa abin, kuma karaya ɗori ake yi mata: 'yan layi su ba ka kaya bashi, ubangida ya sake ɗora ka, ka yi ɗingishi shekara ɗaya ko biyu ka miƙe. Roka in ta faɗo ban san mai ɗora ta ba.

Yaron yana wajen ɗori yanzu. Ya mayar da keken, ya saki shagunan, ya je ya ba mutum biyun nan haƙuri, sun karɓe shi. Ya koma kan babur ɗinsa. Saura wata huɗu ya gama biyan bashin, in Allah Ya yarda, daga nan zai fara mayar wa uwarsa tumakinta. Littafin mai hoton roka yana nan, a bayansa yake rubuta yawan buhun barkonon da jarinsa zai iya saye duk ƙarshen wata. Watan jiya buhu uku ne da rabi.

In wani daga cikinku yana son ganin irin littattafan da nake magana a kai, ya shigo Kwari da hantsi kafin kasuwa ta cika, masu su sun ce ba su ƙi ba in dai za a rufe sunaye. Akwai shayi.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon akawu,
Fagge, Kano.